Bahon da na kasa fita daga cikinsa

Wata takwas ban ce komai a nan ba. Masu aiko saƙo kuna tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri, ba lafiya ba ce. Sai yau na samu ƙarfin rubutawa.

Duk wanda ya san gidanmu na Magariya ya san bahon nan. Farin bahon tangaran ne mai zurfi, maigidan ya ɗauko shi daga Kano lokacin gini, kuma shi kaɗai ne wurin wanka a gidan. Na yi taƙama da shi, ba na musu. Abokan aikina malaman lakwal, makarantar da nake koyarwa, in sun zo, har banɗaki nake jan su su gani.

Da na haifi Amira, Inna mahaifiyata ta zo daga Guci don wankan jego. A ƙauye mai jego zama take kan kujera, a tsoma ganye a ruwan zafi a riƙa fyaɗa mata, ruwan ya bi ƙasa. Ni ce na ce don me zan sha wannan wahala ina da baho. Muka riƙa cika shi, in shiga in zauna har wuya, safe da yamma. Ina fitowa a miƙo mini kunun kanwa.

Ƙafafuna suka fara kumbura. Sai tari, sai haki. In na kwanta ji nake kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara wa tukunya itace.

Ran kwana ashirin da uku, da hantsi, na zo miƙewa jikina ya ƙi. Bakin bahon bai wuce gwiwata ba, amma na kasa ƙetare shi. Na kama, hannuna ya zame. Na sake kamawa, ya zame. Ruwa ya zo mini haɓa, ina jin kukan Amira daga ɗaki, ni kuwa murya ta ƙi fita. Inna ce ta riƙe kaina sama har maƙwabta suka shigo.

Asibitin Magariya suka sa mini iskar taimakon numfashi, suka tura mu Damagaram. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton zuciya. Kullum da safe a auna nauyina, a auna fitsari. Abinci ba gishiri. Ordinas bayan ordinas, kullum sabuwar takardar sayen magani, har tumakina biyu suka tafi kasuwa.

Likita ya tambayi abin da nake ci da yadda nake wanka. Da na faɗa, ya ce: “Ciwon yana iya zuwa ko ba wankan, amma kanwa da zafin nan sun ɗora wa zuciyarki kayan da ya fi ƙarfinta.”

Inna tana waje goye da Amira, ba ta ji ba. Na roƙi maigidan kada ya faɗa mata.

Bayan sati biyar muka dawo gida. Na kasa shiga banɗakin. A bayan kicin nake wanka da bokiti. Ko ɗigar famfo na ji, sai in ga hannuna yana zamewa a kan farin tangaran.

Maigidan ya ce a kira magini a fasa bahon, a yi daɓe daidai da ƙasa, a sa dush mai zubo ruwa daga sama, da ƙarfen riƙewa. ’Yan’uwansa suka ce asara ce, a ina za a riƙa yi wa yarinya wanka. Inna ta fi kowa son a fasa. Ta gama gaya wa dangi cewa bahon Nasara ne ya so kashe mata ’ya.

Wannan ce ta sa na yi ta jan ƙafa. Ƙanwata Hadiza tana Sassumbrum da ciki wata bakwai, Inna har ta sayi kanwa ta ƙulle a bakin zane. Na san in aka fasa bahon ina shiru, laifin zai bi tarkacensa zuwa juji, Hadiza kuma ta gamu da tukunyar da na gamu da ita.

Rannan Inna tana tsintar wake, na zauna kusa da ita na faɗa mata maganar likita, ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya.

“Ni ce ke nan,” in ji ta.

“Inna, ni da ke ne. Ba mu sani ba.”

Ta daɗe tana kallon ƙafafuna. Sannan ta ce, a hankali: “Haka ƙafafun Zulai suka yi.”

Zulai yayata ce. Ta rasu a Guci ina ƙarama, tana jego, saura kwana shida ta yi arba’in. A gidanmu na Guci babu baho.

Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba. Har yanzu ina tambayar kaina ko na kyauta.

An fasa bahon. Ranar da aka gama dush, Inna ta ɗauko kujera ’yar tsugunno ta zaunar da ni, ta taɓa ruwan da bayan hannunta kamar za ta yi wa jariri wanka, sannan ta cuɗa mini baya.

Alhamdulillahi, na koma aji, ina shan magani kullum. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da maƙwabtan da suka fitar da ni, da maigidan da bai taɓa ce mini ya gaji ba.

’Yan’uwana mata, in mai jego tana kumburi, tana haki, ta kasa kwanciya, ku kai ta asibiti ranar, kada ku ƙara wuta. Ku tambayi likita kafin kanwa. In akwai marar lafiya ko tsoho a gida, wurin wanka ya zama wanda zai shiga ya fita da ƙafarsa. Kada kuma a bar mai jego ita kaɗai a ciki.

Jiya Inna ta tafi Sassumbrum, Hadiza ta sauka lafiya. Kafin Inna ta hau babur ta kwance bakin zanenta, ta zuba wa awakin maƙwabciya kanwar duka.

Ku sa Zulai a addu’a.