Ranar da Na Goya Surukina a Kasuwa

In aka ce in manta komai na aikin gwamnati in bar abu guda, to ranar da na goya surukina a tsakiyar kasuwa zan bari. Ku yaran yanzu da kuke ƙunƙuni don an ce ku je likita a auna ku, ku gyara zama.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina ƙaramin magatakarda mai buga takardu a biron kumandan, wato ofishinsa, a wani gari na Adar da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan kuma suna da baki. Kumandan shi ne mai mulkin yanki. Ƙarƙashinsa akwai mu 'yan biro, da majo mai kula da gidan likita, da gardawa masu tsaro da rakiyar karɓar lanho, wato haraji. Babban gardawa shi ake ce wa birgaje, kuma birgajen nan shi ne uban matata Habsu. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko yau da ƙasa ta rufe shi. Waje ɗaya muke aiki, amma ko goro ban taɓa tauna a gabansa ba, in na hango shi sai in tuna ina da uzuri ta wata hanya.

Baba Birgaje yana da gwaiwa. Kowa ya sani, ba mai furtawa. Telansa ya san faɗin wandon da zai ɗinka masa, in kuma zai hau doki sai gardawa su juya baya su hau duban hadari, ko da tsakiyar rani ne. Majo ya taɓa yi masa maganar sau ɗaya, Baba ya ce in ya ƙara sai ya kwana a ɗaure. Dalilinsa kuwa, saura kaɗan ya cika shekarunsa ya ajiye aiki da haƙƙinsa, kuma dukanmu mun yi imani cewa wanda likita ya ce ba shi da lafiya, sallamarsa ake yi hannu rabbana. Ba wanda ya taɓa ganin wannan doka da idonsa, amma kowa yana iya dafa Alƙur'ani a kanta.

Sai aka aiko mana sabon kumandan, saurayi siriri, zuciyarsa fara, kansa cike da littafi. Ya dube mu, daga mai tumbi sai mai gyangyaɗi bayan hura, ya ce da irin waɗannan jikuna ba a gina ƙasa. Ya sa doka: kowace safiya motsa jiki a farfajiyar biro, kowa da kilot, wato gajeren wando. Da hannuna na buga sanarwar, ina bugawa ina tunanin Baba cikin kilot, gumi yana tsiyaya mini.

Gardawa suka yi dabara. Suka ce wa kumandan ai a tsarin soja birgaje ba ya tsalle, usur yake busawa cikin cikakkun kayansa. Ya yarda. Mu kuwa muka sha wuya. Malam Isuhu mai ajiyar kuɗi ya durƙusa ya kasa tashi, sai da aka ciccibe shi kamar buhun hatsi. Wata tsohuwa 'yar bori ta leƙo ta katanga ta ga dattawa suna tsalle ƙwauri a waje, ta tambaya wane iska ne ya hau mutanen gwamnati, ta ce tana da turarensa.

Da abin ya tsaya bayan katanga da an rufa asiri. Amma kumandan ya ce sai talakawa sun ga misali, za a yi gudu a ratsa gari, kuma ya zaɓi ranar kasuwa don a sami masu kallo. Wannan karon har birgaje zai yi gudu, sai dai an bar masa dogon wandonsa. Malam Isuhu ya lallaɓa ya ce, ranka shi daɗe, a ƙasar nan babba ba ya gudu sai da dalili. Kumandan ya ce ai abin da ya zo gyarawa ke nan. Na aika Habsu ta roƙi ubanta ya ce zazzaɓi yake yi. Ta dawo ta ce ya ce in kula da mashin ɗina na buga takardu.

Kasuwa ta cika, mutane sun zo har daga Karofane da Garhanga. Ku tuna, waɗannan mutane ba su manta zamanin aikin tilas ba. A saninsu, in ka ga gardi yana gudu, ko dai kai ya biyo, ko abin da ya biyo shi ya fi ƙarfinka. To sai ga gardawa duka a guje, ga usur, ga kumandan a gaba ba wandon kirki. Ba wanda ya tsaya tambaya. Masu nono suka watsar da ƙore, jakuna suka tsinke, mahauci ya wuce ni da cinyar akuya a kafaɗa. Kumandan ya waiwaya ya ga gari kaf yana gudu, ya ɗauka jama'a ce ta waye, ya ɗaga hannu yana jinjina musu, ya ƙara mai.

Ni ne na ƙarshe, ba don kasala ba. Baba ya fara ja da baya, ni kuwa ba ni da fuskar wuce surukina. Dab da rumfar masu gishiri ya tsaya, ya dafe mara, ya sulale ƙasa yana amai. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Gardawa sun yi gaba, kasuwa ta watse, daga ni sai shi, ga ni cikin kilot. Wallahi tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron. Na kau da kai ina ta sannu kamar wawa.

Ya ce, "Wuce, ba ka gan ni ba."

Na durƙusa na ba shi baya, don ta haka ne kawai ba za mu haɗa ido ba. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ka hau."

Ya ce, "In ka kai ni ga majo, ka kashe mini aiki."

Na ce, "Ba aikin ya haifi Habsu ba."

Sai na ji hannunsa a wuyana. Mutum ne mai nauyi, kuma ko a hakan bai daina ba da oda ba, yana nishi yana gaya mini in bi ta inuwa.

Majo ya duba shi ya ce hanji ne ya sauka ya shaƙe, in ba a yi aiki yau ba sai dai a nemi masu haƙa. Kumandan ya iso yana haki, ya tambaya tun yaushe abin yake. Kowa ya dubi ƙasa. Majo ya gaya masa shekaru ne, ya kuma gaya masa dalilin ɓoyon. Bawan Allah nan ya dafe kai. Ya ce dokar da muke tsoro babu ita, ma'aikaci in ya kwanta magani ake masa, albashinsa yana tafiya. Ya ba da motarsa aka wuce da Baba babban asibiti a Tawa, shi ya koma gida a ƙafa, yana tsallake nono da gishiri.

Washegari ba a yi tsalle ba, don duk masu tsallen suna layi a ƙofar majo. Ashe wannan kurkunu yake ɓoyo a ƙafa, wancan ya daɗe yana tari da jini, gardin da muke yaba wa iya harbi kuwa ido ɗaya ne ke masa aiki. Malam Isuhu ya shiga ya daɗe, ya fito bai gaya wa kowa ba. Kumandan ya bar gudun gari, ya mai da shi ganin majo. Kasuwa kuma sai da mai shela ya zaga yana rantsuwa cewa gwamnati ba ta biyo kowa ba, kafin ta sake ci.

Abin da na koya shi ne, ma'aikaci ya fi tsoron sallama da kabari. In ba ka cire masa wannan tsoro ba, ko ka sa shi tsalle har ya taɓo sama, ciwonsa yana nan cikin wando. Mu kuma da muke juya baya muna duban hadari, mun ɗauka mutunci muke masa, ashe rakiya muke masa zuwa maƙabarta.

Baba ya dawo sakayau, yana hawa doki ba mai juya baya, ya cika shekarunsa ya karɓi haƙƙinsa. Har ya bar duniya bai taɓa yi mini maganar ranar nan ba, ni ma ban fasa sauya hanya ba. Saƙo guda kawai ya aiko ta bakin Habsu, ya ce ta ƙara wa yaron nan tuwo, bayansa duk ƙashi ne.