Jan Faci a Dunduniyar Hagu

Shekara talatin da ɗaya Baba Shumeka ya yi yana zama a gindin katangar da ke kusa da tashar mota, da akwatinsa na katako da guduma da basilla da gwangwanin ƙananan ƙusoshi. In ka tambaye shi kamannin masu kawo masa aiki, sai ya yi ta kame-kame. Amma ce masa mai takalmin nan da yake cinye dunduniya ta ciki, nan take zai gaya maka ranar da ya zo da irin zaren da aka yi masa ɗinki da shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙaramar kujera, kansa a sunkuye, ƙafafu ya sani. Matarsa, wadda kowa a layin yake kira Inna, takan ce da za ta canza silifas ta wuce ta gabansa, sai ya ce mata sannu baƙuwa.

'Ya'yansu uku, mata biyu da suka yi aure suka yi nisa, sai Auta. Shi Auta tun yana ɗan shekara shida ya faɗo daga kan katanga, ƙafar hagu ta warke amma ta bar masa ɗan ja. Ba ɗingishi ba ne, wani ba zai ma lura ba, sai dai duk takalmin da ya sa, dunduniyar hagu ce take fara cinyewa ta gefen waje. Uban yakan ce a duk garin babu mai ba shi aikin banza kamar ɗansa.

Auta ya kai shekara ashirin da huɗu yana aiki a shagon gyaran fanka, amma hankalinsa ba ya wurin. Hankalinsa yana kan wasan kwaikwayon da gidan talabijin na garin yake nunawa duk Laraba da ƙarfe bakwai na yamma. Labarin wani direban bas ne da yake neman ƙanensa da ya ɓace, kuma mutane ba su damu da sunansa na gaskiya ba, wasan Laraba kawai suke cewa. In lokacin ya yi, layin yakan yi tsit, har mai shayi ba ya son a yi masa magana. Inna ta ɗauki direban nan tamkar ɗan'uwanta, tana yi masa faɗa ta cikin akwatin in ya yarda da mutumin da bai kamata ba. Baba Shumeka kuwa yana zaune a bakin ƙofa ya ba talabijin rabin baya, wai shi ba ya kallon shirme, amma shi ne yake fara tambayar inda aka tsaya in ya makara.

Wata safiya Auta ya zo wurin aikin uban da gudu-gudu, riƙe da baƙin takalminsa na fita.

"Baba, sun ɗauke ni! Yau za a yi. Ina cikin masu wucewa a tasha, kashi na goma sha biyar."

"Masu wucewa? To me za ka ce a ciki?"

"Ba magana. Wucewa kawai zan yi."

"Ashe dai aikin da ka saba ne," in ji uban, bai ko ɗaga kai ba. "Kawo."

Dunduniyar hagu ce, kamar kullum. A cikin akwatin akwai sabuwar baƙar roba mai kyau, amma Baba Shumeka ya ajiye ta ne don takalmin wani ma'aikacin banki da zai zo karɓa da rana. Ya laluba ƙasan akwatin ya zaro wani guntun jar roba, ya yanka, ya shafa gam, ya buga ƙusa huɗu.

"Haba Baba, ja a baƙin takalmi? A talabijin fa za a nuna ni."

"Fuskarka za a nuna. Wa zai kalli dunduniyarka? Ɗauki ka ba ni wuri."

Auta ya tsaya jim yana juya takalmin a hannu. Sannan ya sa ya tafi. Uban ya bi ƙafafun da kallo har suka sha kwana, jan facin yana ɗagawa yana sauka, har ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Da Inna ta ga facin da yamma, sai da ta yi wa uban tas, ta ce ɗan mai gyaran takalmi ne kaɗai a duniya za a tura gaban kyamara da faci kala biyu.

A makon da aka nuna kashi na goma sha biyu zazzaɓi ya kama Auta. Kwana huɗu ya yi. Ran na biyar Baba Shumeka ya dawo daga asibiti da ledar kayan yaron a hannu, ya zauna a bakin ƙofa, ya kasa shiga ɗaki.

Ba su da hotonsa sai guda ɗaya, na katin makaranta, yana ɗan shekara goma sha uku, shi ma ruwa ya taɓa shi. Don haka da masu ta'aziyya suka watse, gidan ya koma su biyu, abu ɗaya ya rage musu a gaba, kashi na goma sha biyar. Inna ce ta fara faɗa da baki. Ta ce, "Saura Laraba uku mu gan shi." Ta wanke gilashin talabijin da tsumma, ta sa aka ɗaure eriya da waya don kada iska ta juya ta. Laraba ta zo aka nuna na goma sha uku, suka kalla ba wanda ya fahimci komai a ciki. Direban ya samu labarin an ga ƙanensa a wata tasha, ya tayar da mota, aka rufe.

Laraba ta gaba, ƙarfe bakwai ya buga, sai ga tallan sabulu, bayansa tallan batir, bayansa wasu mutane suna ƙwallo a wata ƙasa. Inna ta ce ko sun makara ne. Suka zauna har ƙwallon ta ƙare. Mako na gaba ma haka. Ba wanda ya fito ya yi wa jama'a bayani, daga baya ne aka ji a bakin mutane cewa kamfanin da yake ɗaukar nauyin shirin ya janye hannunsa. Layin ya yi ta surutu wata guda, mai shayi ya rantse ba zai sake kunna tashar ba, sannan kowa ya samu wani abin kallon ya manta. Direban bas ya tsaya a hanya da motarsa har yau.

Baba Shumeka, wanda bai taɓa rufe akwatinsa ranar aiki ba, ya rufe ya tafi gidan talabijin. Maigadi ya ce sai da takarda. Ya koma da takarda, aka ce mai kula da shirye-shirye ya yi tafiya. A zuwansa na shida wata mata mai kirki a ofishin ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa, ta gaya masa gaskiya. Kaset tsada yake yi, in shiri ya mutu sai a ɗauki wani abin a kansa. Wataƙila labaran yamma ne a kai yanzu. Ya yi godiya ya fito. Ya lura takalminta na dama yana son ɗinki a baki, ya kusa ce mata ta kawo, ya fasa.

A gida ya ce wa Inna sun ce a ƙara haƙuri. Ta dube shi ta gane, ba ta sake tambaya ba. Ta tattara kayan Auta ta bayar, har da baƙin takalmin. Wannan ya yi wa Baba Shumeka ciwo ƙwarai, don ya so ya cire jan facin ya sa baƙi, ko ba mai sawa. Bai faɗa mata ba. Shekara da shekaru yana duba dunduniyar duk mai baƙin takalmin da ya wuce, bai sake ganinsa ba.

Haka aka shekara goma sha ɗaya. Gashinsa ya yi fari, sai da tabarau yake zura zare a basilla, mutane suka koma kallon wasa a waya. Inna takan kunna talabijin kowace rana ban da Laraba.

Wata rana wani mutum mai furfura ya ajiye masa takalma ƙafa biyu. Baba Shumeka ya juya su ya duba, duka dunduniyar dama ce ta zaizaye.

"Malam, kaya kake ɗauka a kafaɗar dama? Ga shi kuma kana yawan tafiya da baya."

Mutumin ya yi dariya. "Baba, duba kake yi? Kyamara na ɗauka, shekara ashirin da biyu. Yanzu na ajiye."

Gudumar ta tsaya a hannun tsohon. Ya daɗe bai ɗaga kai ya kalli fuskar mai kawo aiki ba, ranar ya ɗaga.

"Ka san wasan Laraba?"

"Ni na ɗauke shi tun daga farko. Kada ka tuna mini, Baba. Kashi ashirin da shida muka tsara, aka yanke mu a tsakiya kamar ba mutane ba. Haushi ya sa na kwashe kaset uku na kai gida, na ce ba za a ɗauki labarai a kansu ba."

"Da na goma sha biyar?"

"Ɗanyensa ne, ba a tace ba. Me ya sa?"

Baba Shumeka ya ajiye guduma ya ba shi labarin Auta.

Ranar Asabar suka je, shi da Inna. Ta sa tufafinta na fita, ta ɗauko tabarau ɗinsa na aiki ta ce za su riƙa karɓa-karɓa. Ɗakin mai kyamara ƙarami ne, cike da kwalaye da wayoyi, ga wata tsohuwar na'urar bidiyo da sai da ya buɗe ya hure mata ƙura kafin ta yarda ta haɗiye kaset ɗin. Hoton ya yi ta rawa, sannan ya tsaya. Ga direban nan da Inna ta shekara goma sha ɗaya ba ta gani ba, yana saukowa daga bas. Ta ce, "Allah sarki, ka iso ashe."

Sai mai kyamara ya dafe kai.

"Wayyo. Na tuna wannan wurin. Baba, Inna, ku yafe ni. Darakta ya ce in ajiye kyamara a ƙasa, wai a nuna yawan jama'ar da direban zai nemi ƙanensa a ciki. Ƙafafu kawai na ɗauka. Ba fuskar kowa."

A gilashin, ƙafafu ne suke ta wucewa, silifas da takalman roba da na fata, wasu da sauri wasu a hankali, ba a ganin komai sama da gwiwa. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa akwatin.

"Ina yake? Malam, ina fuskar? Ɗaga mana sama kaɗan."

"Ba ya ɗaguwa, Inna. Abin da aka ɗauka ke nan."

Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Shekara goma sha ɗaya tana jira, aka ba ta ƙafafun mutane.

Baba Shumeka bai ji me suke cewa ba. Tun kafin takalmin ya iso tsakiyar hoto ya gane shi, daga can gefe, a bayan wata mai jan akwati. Dama ta taka, hagu ta biyo da ɗan jan nan nata. Taku biyar ya yi ya fice. Yaron yana tafiya a hankali, da ƙafa a miƙe, irin tafiyar wanda aka ce masa duk gari za su gan shi.

"Mayar baya," in ji shi. "Innar Auta, buɗe idonki. Ungo tabarau. Kada ki nemi fuska, ki kalli nan ƙasa, ta hagu. Za ki ga ja."

Mai kyamara ya mayar. Ƙafafun suka sake tahowa. Tsohon ya ɗora yatsa a kan gilashin yana bin takalmin, dunduniyar ta ɗaga, jan facin ya bayyana, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Shi ne," in ji Inna. "Wallahi shi ne. Autana ne."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun ranar asibiti. Mai kyamara ya fita waje wai zai samo musu ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Hoton yana tsaye a inda ya dakatar da shi, dunduniyar a sama.

"Akwai baƙar roba a akwatina ran nan," in ji Baba Shumeka, idonsa a kan gilashin. "Sabuwa. Na hana shi, na ajiye wa wani."

"Na sani. Ya gaya mini da ya dawo."

"Ya ji haushi?"

"Ya ji. Na ce ya kawo in kai wa wani ya canza masa, ya hana. Ya ce aikin Baba ne, a bar shi."

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Da mai kyamara ya shigo da ruwan, ya tarar da su sun ja kujerunsu gaba, kafaɗa da kafaɗa, tabarau ɗaya a tsakaninsu.

"Ɗana," in ji Inna, "in ba mu takura maka ba, sake mayar mana da shi baya."