Ƙullin Na-Sama

Shekara talatin da ɗaya ina haƙa rijiya, kuma ban taɓa ganin ruwan da ya fi faɗin hannuwana biyu ba sai a hoton kalanda. Yanzu ga shi an ce in tattara in koma birnin bakin teku. Uwargida ta ce wannan shi ne an kai kifin rijiya babban ruwa, ni kuwa ban yi musu ba, don ko ni na ga kamar.

Ba son yawo ya kama ni da furfura ba. Ƙirji ne. Ƙurar rami ta taru ta yi min gida a huhu, likita ya ce in na ci gaba da sauka, wata rana ba da raina za a jawo ni ba. Babbar 'yata, wadda ke aiki a tashar jiragen ruwa, ta samo min gadin wani sito da ɗakuna biyu a bayansa, ta sa ranar da mota za ta zo kwashe mu. Mako shida ta ba ni.

A cikin makonnin nan na yi shiri irin na wanda bai san inda za shi ba. Wani direba ya ce min iskar teku na cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin itace, sai na sayo baƙin mai na shafe diga da dagi da shebur, na naɗe kowanne a tsumma, alhali mai gadi ba ya haƙa komai. Da mai ya rage na shafa wa ƙafafun gado, na shafa wa makullai, har na nufi tukwanen uwargida ta tare ni da muciya. Na sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Na cika baho da ruwa a bayan ɗaki na tsoma fuska don in koyi riƙe numfashi, na ƙware, na yi ta tari har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Duk wannan hidima gudun abu ɗaya nake yi. Ban gaya wa Na-Sama ba.

Na-Sama shi ne mai riƙe min igiya. Mutanen unguwa suka raɗa mana sunayen, shi Na-Sama, ni Na-Ƙasa, har 'ya'yanmu ma sun kusa manta na yanka. Shekara ashirin da takwas shi ke ɗaura min igiya a ƙugu, ya zura ni, ya jawo ƙasa guga bayan guga, ya fito da ni. Ba ma yawan magana, igiya ce ke yi mana. Ja ɗaya, sako guga. Ja biyu, ɗauke. Ja uku, fitar da ni. Kuma akwai ƙa'idar da maigidana ya koya min tun ina saurayi: mai sauka ba ya duba ƙullin mai riƙewa. In ba ka yarda da hannun mutum ba, kada ka shiga ramin, amma ka tsaya a gabansa kana taɓa ƙulli, wannan zagi ne da ya fi na baki.

Na-Sama ya girme ni da shekara huɗu, gwiwarsa ɗaya ta lalace, kuma injin burtsatse ya riga ya cinye rabin aikinmu. In na tafi, ba wani mahaƙi da zai ɗauki tsoho mai ɗingishi. Na san haka sarai, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Na gwada maganar a gaban madubi, na gwada ta a gaban akuya, ta fito sumul. Da na gan shi sai in tambaye shi lafiyar gwiwa.

Uwargida ta gaji. Ta ce mutumin da ke sauka gaba ashirin cikin duhu ya kasa hawa dakali ɗaya ya faɗi kalma huɗu, ita ba ta taɓa ganin jarumi irina ba. Ta tuna min cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, motar nan ba cikin aljihu za ta shigo unguwa ba. Na ce mata ina jiran lokacin da ya dace. Ta ce lokacin ya zo ya wuce har ya aiko da gaisuwa.

Saura kwana biyar aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a bayan gidan wani kafinta. Na karɓa ba tare da sanin likita ko 'yata ba, don wata dabara ta faɗo min, irin dabarar da matsoraci ke yi ya ɗauka hikima ce. Na ce zan gaya masa daga ƙasan rijiya, inda ba zan ga idonsa ba.

Ya ɗaura min igiya, ya zura ni. Na cika guga shida da laka kafin na samu zuciya. Na ɗaga kai, ina hango shi ɗan baƙi a bakin haske, na faɗa masa komai: likita, sito, mota, ranar tafiya. Na ƙara da cewa ba da son raina ba ne.

Igiya ba ta motsa ba. Ina tsaye cikin ruwa har cinya, kuma a karon farko a rayuwata na tuna cewa duk raina yana hannun mutum ɗaya, ga shi na zaɓi daidai wannan wurin in ɓata masa rai. Wauta ta kai wauta. Na ja uku.

Ya jawo ni yadda ya saba, a hankali, ba fizga, yana sassautawa daidai inda bango ya yi ciki don kada kafaɗata ta gogu. Da na fito ya kwance ni, ya zauna a kan bulo ya miƙe gwiwar, ya shiga naɗe igiya.

"Na sani tun makonni biyar," in ji shi.

Na fara zargin uwargida, ya girgiza kai. Ya ce tarin kuwa ya fi shekara yana jin sa a tafin hannunsa, don duk tarin da na yi a ƙasa sai ya hawo ta igiya, kuma da ban tafi ba shi da kansa zai daina zura ni.

"Tafiyar ba ta dame ni ba, Na-Ƙasa. Ranar da muka yi aikin gidan mai wanki, makonni biyar ke nan, na ɗaura maka, sai na ga ka kai hannu ka taɓa ƙullin. Washegari ka sake. Yau ma ka taɓa. Mutum ba ya duba ƙulli sai ya san ya yi wa mai ƙullin laifi."

Wallahi ban san ina yi ba. Hannuna ne ya tona ni, ni ina can ina shafa wa gado mai. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na ce ya yafe min. Ya ce in ɗauki diga mu tafi, rana na yi.

Kwana huɗu ban gan shi ba. Na je gidansa sau biyu aka ce ya fita, na dawo ina cewa a raina shi ke nan, na kashe zumuncin shekara ashirin da takwas da yatsu biyu.

Da safiyar tafiya mota ta zo, aka loda gado da katifu da digata mai maiƙo. Direba na neman abin ɗaure kaya sai ga Na-Sama yana ɗingisowa, igiyarmu a kafaɗa. Bai gaishe ni ba. Ya zagaya motar, ya jefa igiyar ta sama, ya ja, ya tokare da ƙafar mai lafiya, ya ƙulla. Na ce masa zan aiko da ita in mun isa.

"Bar ta can," ya ce. "Ba wanda zan ƙara riƙe wa."

Uwargida ta leƙo daga gaban mota. Hanya doguwa ce, kuma duk abin da muka mallaka yana bayan nan. Ta ce, "Malam, duba mana ɗaurin nan ko ya kamu."

Na-Sama na tsaye yana kallona. Na zuba hannuwana biyu cikin aljihu, na ce mata ya kamu, na shiga mota.