Yayen Roba

Har yau ban yafe wa tsohuwar da ta fara cusa wa ɗiyata roba a baki ba. Ba ta tambaye ni ba. Ina durƙushe a banɗaki ina dirzar ƙasa, sai na ji kukan yarinyar ya ɗauke ɗif kamar an kashe rediyo. Na fito da kumfa har gwiwar hannu, na tarar da ita kwance tana tsotsar wani jan abu mai zobe. Tsohuwar na zaune a gefenta tana murmushi, wai ta taimake ni.

Uwar matar da nake yi wa aikin gida ce a unguwar Manshiya cikin garin Sabha, kowa Hajja yake ce mata. Suna zaune a sama, ƙasansu garejin gyaran mota ne, ana bugun ƙarfe tun safe har la'asar. Duk wannan bai taɓa damun Hajja ba, kukan jaririya ne ke sa mata ciwon kai. Su Larabawa massasa suke kiran abin, matanmu na Nijar su ce tetin, ni dai roba na sani. A garinmu ban taɓa ganin an ba yaro ita ba. Yaro ya yi kuka, a juyo shi gaba a ba shi nono, ko wata ta karɓe shi ta jijjiga. A Sabha ba ni da wadda za ta karɓa.

Na kai hannu zan cire, Hajja ta riƙe ni. Ta nuna mini yadda ake yi: ta tsoma kan robar cikin rubb, wato zumar dabinon nan mai kauri, ta mayar bakin yarinya. Yarinya ta lumshe ido. Ni kuma na koma na ƙarasa aikina. Ranar da wuri na gama, har na yi sallar azahar a nitse, abin da na daɗe ban samu ba.

To, waccan ta farko ce. Ta biyu ni na saya, da ƙafata na shiga farmasi. Har da zaɓe: mai shagon ya jera mini mai faɗin kai da mai zagaye, na ɗauki wadda ke da igiya ana maƙalawa a riga don kada ta faɗi ƙasa. Ta uku ma ni ce, wai don a samu ta ajiya.

A lokacin ne wata 'yar Damagaram da ke unguwar Jadid ta fara koya wa manyan mata boko a tsakar gidanta bayan la'asar. Na girma, na yi aure, na haihu, ban iya rubuta sunana ba. Na ce ko me za a yi sai na je. Malama ta ce a zo da yara, amma ban da hayaniya. Matan da 'ya'yansu ke kuka sai su yi ta fita suna shigowa, har su gaji su daina zuwa. Ni ban taɓa fita ba. Kwalbar rubb a jaka, roba a baki, ɗiyata a gefena kamar ƙunshin wanki. Malama har misali take bugawa da ni. Hannun da ke wannan rubutu a haka ya koya.

Na yaye ta daga nono ba wata wahala, ko kuka ba ta yi ba, na yi ta cika baki a cikin mata. Ta yi tafiya, ta yi gudu, magana ce babu. In tana son ruwa sai ta ja mini zane ta nuna bidon, wato jarkar ruwa. Haƙoranta na sama suka fara baƙi daga gindi, ina gani ina kau da ido. Babanta aikin gini yake, ya fita da asuba ya dawo a gajiye. Ya ce a bar ta, shi ma an ce ya daɗe bai yi magana ba.

A wajen wani suna a Jadid aka tona ni. Muna cin shinkafa wata maƙwabciyata ta ce, "Ke maman roba, wai ɗiyar nan taki bidon ce da ba a barinta ba murfi?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku ƙyale ta, Balarabiya take reno."

Na ce wa ta farkon, "Ke da naki ke zagin manya tun bai iya tsarki ba, je ki fara toshe nasa."

Aka sake dariya, na ci su a baki kamar kullum. Amma cikin wasan wata ta miƙa hannu ta zare robar. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da baki a buɗe, zagaye, daidai girman abin da aka cire, tana kallona. Na tsame hannuna daga shinkafar.

A wurinmu ba a yaye a gaban uwa. Ana kai yaro gun kakarsa, ya kwana biyu bai ga uwar ba, a yi ta ba shi kunu da lallashi har ya manta. Na ce haka za a yi wa robar nan. Kakanninta duk suna gida, amma maigida yana da gwaggo a Zighan, wani ƙauye da ke wajen Sabha, tana dafa wa ma'aikatan wata gonar dabino abinci. Rabonta da ganin yarinyar tun tana jaririya. Wata Juma'a na kai mata ita.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yayen roba? Lallai mun ga zamani. Ajiye ta nan."

Uwa ba ta sallama a wajen yaye. Na bari ta shagala da kallon awaki, na zare robar daga rigarta, na sulale ta bayan rumfa. A hanyar dawowa na wurga ta ta tagar mota, ina jin kaina jaruma.

Na koma aiki, na koma karatu. Bayana sakayau, amma ina ta kai hannu ina gyara goyon da babu. Bayan 'yan kwanaki, da rana, na fita bakin matakala a gidan aiki na kira Gwaggo.

"Gwaggo, ina wuni? Ya yarinyar, tana ta kuka ko?"

"Da tana kuka ai da na ji daɗi."

"Robar take nema?"

"Wace roba? Tun da kika tafi tana bakin ƙofa tana kallon hanya. Kunu in ta kurɓa sau ɗaya sai ta kau da kai. Ke yarinya, ni ma da wautata da na karɓa. Yaye gun kakar da yaro ya sani ake kai shi. Wannan ta san ni ne? Abu biyu ta sani a duniya, bayanki da robar nan, kika kwashe duka rana ɗaya."

A ƙasa ana ta bugun ƙarfe.

"Amma fa ta yi magana," in ji Gwaggo.

Na miƙe tsaye. "Me ta ce? Ni ta kira?"

"Ɗan akuya ne ya dame mu da kuka, an fita da uwarsa. Sai ta taso ta tsaya a kansa, ta ɗaga yatsa, ta ce ya yi shiru."

Na yi caraf na ce, "Da Larabci ko? Ai tsohuwar gidan nan ce, kullum abin da take faɗa mata ke nan."

"Wane Larabci? Da Hausa ta faɗa, tas. 'Yi mini shiru.' Har da tsakin. Wallahi sai da na waiwaya, na ɗauka ke ce kika dawo."

Ranar ban je karatu ba. Na zauna a ɗaki ina lalube a kaina ko akwai wata magana da nake yawan yi mata ban da wannan. Zauna. Bari. Saki. Inna ta kan yi mana waƙa tana daka, ta yi hira da ƙanina tun yana jariri kamar da babban mutum, tana ba shi labarin tsadar gero. Ni na san sunan kowane harafi, amma ban taɓa nuna wa ɗiyata kaza na ce mata kaza ce ba.

Da babanta ya dawo da magariba na faɗa masa. Ya ce in daure ta cika mako, in na je yanzu wahalar da ta sha ta tashi a banza. Ya ce kuma gidan aiki ba za su jira ni ba, mata nawa ke neman wurin. Gaskiya ya faɗa, na sani. Na zuba masa abinci.

Da gari ya waye na ninke zanen goyo da kayana kala biyu na sa a jaka. Na kira matar gidan da nake aiki na ce mata ba zan zo ba wannan makon, in ta samu wata ta ɗauka. Ta fara faɗa, na kashe wayar. Na ja ƙofa, na nufi inda motocin Zighan ke lodi.