Fasfon Baffa a Hannun Asibiti

Baffa ya iso garinmu Gadarif, can gabas da Hartum, a ƙarshen damina, lokacin da riɗi ya fara nuna a gona, hankalin kowane manomi kuma ya koma kan yanka. Shi da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Mahaifin Baba ya baro ƙasar Haɗeja yana saurayi da niyyar aikin hajji, ya yi ƙwadago a hanya, ya yi aure a hanya, da ya sauke farali sai ya dawo nan ya zauna. Ƙanin da ya bari a gida shi ne ya haifi Baffa. Wani ɗan kasuwa na unguwarmu mai zuwa Kano sarin huluna ne ya haɗa su, suka yi shekaru suna gaisawa ta waya ba su taɓa ganin juna ba. Da Baffa ya yi ritaya daga aikin malamin gona aka biya shi kuɗin sallama, sai ya yanki tikiti, ya nemi bizar ziyara, ya taho.

Ni a lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, gidan aurena kuma bai da nisa da na iyayena, don haka kullum da yamma ina can. Baffa dogo ne, mai yawan tambaya. Hausarmu tana ba shi dariya, tasa ma tana ba mu. Mu ce mustashfa ya ce asibiti, mu ce arabiya ya ce mota. Wani lokaci kuma Inna ta faɗi wata kalma sai ya ce rabonsa da jin ta tun kakarsa na da rai. Larabci kuwa, ban da na salla, bai san komai ba. Duk inda za a shiga ofis ni ake kira in yi masa tafinta.

Abin da ya fi so ya gani shi ne gona. Ya ce shi ya yi rayuwarsa yana koya wa mutane noman 'yar kadada, yana so ya ga gonar da tarakta ke shiga da safe ba ta kaiwa ƙarshe sai rana ta take. Baba ya ɗauke shi a bayan a-kori-kura suka nufi wajen Fashaga, inda yake da rabo a wani babban fili. Hanyar baƙar laka ce da ta bushe ta tsattsage. Ashe Baffa yana da ƙaba da ya daɗe yana lallaɓawa, bai gaya wa kowa ba. Suka dawo washegari da azahar yana dafe da mara, yana amai, gumi na zuba.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta duba shi, ta ce hanji ne ya maƙale, kada a jira. A asibitin gwamnati muka tarar da layin masu jiran tiyata, don haka muka shiga raksha, wato adaidaita-sahu, zuwa wani asibitin kuɗi. Likita ya ce aiki za a yi nan take. Mai karɓar kuɗi ya nemi takardar shaidar marar lafiya, na buɗe jakar Baffa na miƙa masa fasfo. Ya juya shi, ya ga ba na ƙasar nan ba ne, ya ce farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Baba ya aika gida aka kawo abin da ke akwai, wanda dama ya tanada ne don kafin alƙalamin masu yankan riɗi. Bai kai rabi ba. Mutumin ya ce za a yi aikin, amma fasfon zai zauna wurinsu jingina har a cika. Baba ya sa hannu. A wannan lokacin babu wanda ya tuna da biza a cikinmu, Baffa yana kan gado ana tura shi ɗakin tiyata.

Aiki ya yi kyau. Da aka sallame shi muka kwantar da shi a ɗakin ciyawa na tsakar gida, wanda ya fi sauran sanyi. Inna ta riƙa dama masa kunu, daga baya ya koma kan tuwon dawa mai laushi. Kisra, wato siririyar wainar dawa ta nan, ita ce dai har ya tafi bai saba da tsaminta ba. Wata safiya na shigo gaishe shi kafin in wuce makaranta, na tarar yana lalube cikin jakarsa.

Ya ce, "'Yata, ina fasfona?"

Na gaya masa. Ya ce bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma da ma niyyarsa ya nemi ƙari don ya ga girbin dawa. Ya roƙe ni in je in tambayo yadda ake yi.

Na tafi jawazat, wato ofishin fasfo da na baƙi. Jami'in da na samu mutum ne mai haƙuri, ya saurare ni har na gama. Ya ce abu biyu ake bukata: fasfon kansa, da rahoton likita mai hatimin asibiti. Ya ƙara da cewa in yi sauri, domin idan aka zo kafin wa'adi ya cika neman ƙari ne, idan kuwa aka zo bayansa to an karya doka, kuma tara ce take hawa kullum.

Ni da Baba muka koma asibitin. Manajan ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana shayi. Baba ya ajiye takardar gidanmu a kan tebur ya ce a riƙe ta a ba mu fasfon. Manajan ya tura masa ita da hannu biyu.

Ya ce, "Ya Hajj, ba wai ban yarda da kai ba. Masu asibitin ne suka kafa ƙa'ida. An sha yi wa baƙo aiki, ya warke, ya tsallaka iyaka ta Gallabat, shi ke nan. Takardar gida kuma ba zan iya kai ta kamfanin magani ba."

Baba ya ce, "To a ara mana na yini ɗaya. 'Yata za ta kai ta dawo da shi."

Manajan ya ce ba ya da ikon haka. Rahoton likita ma sai an rufe lissafi ake bugawa. Abin da ya iya yi mana shi ne kwafin shafukan fasfon. Na kai kwafin jawazat, jami'in ya duba ya mayar mini. Ya ce hatimi a kan fasfo ake buga shi, ba a kan hotonsa ba.

'Ya'yan Baffa a Najeriya suna da kuɗin, sun kuma matsu su turo. Sai dai a lokacin banki ba ya wuce da kuɗi tsakanin can da nan. Sai ta hannun 'yan kasuwa, ka ba wani a Kano, wani ya ba ka a nan, ɗan kasuwar da muka sani kuma yana kan hanya ba a samun sa a waya. Ko da ana samun sa, Baba ya riga ya hana. Na ji su da kunnena a gindin bishiyar darbejiya, Inna tana soya musu kofi.

Baba ya ce, "Baƙona ba zai biya kuɗin magani a gidana ba. A motata ciwon ya tashi."

Baffa ya ce, "Yaya, da ciwona na zo. Ni ma magidanci ne, ina da 'ya'ya masu aiki. Ka bar su su yi abin da ya kamace su."

"Idan na zo Haɗeja na kwanta, za ka karɓi kuɗina?"

Baffa ya karɓi ƙaramin kofin da Inna ta miƙa masa ya riƙe har ya huce.

Matsalar ita ce riɗi ba ya jira. Idan ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa, noman shekara ya tafi. Masu yanka kuma mutane ne da suka baro garuruwansu don wannan aikin, ba sa fara wa mutum sai sun ga wani abu a hannu. Baba ya ranto daga wurin wani abokinsa, abin da ya samu bai isa gona da asibiti gaba ɗaya ba. Ya zauna da Baffa ya yi masa bayani. Baffa ya ce ko shi ne da gona zai fara, ai aikinsa ke nan. Baba ya tafi gona, bizar kuma ta ƙare yana can.

Kwanakin nan Baffa bai fita ko ƙofar gida ba, sai masallacin da ke jikin katangarmu. Yana tsoron a tare shi a tambaye shi takarda. Mutumin da ya zo yana tambayar sunan kowace ciyawa sai ya koma zama a kan gadon igiya yana jan carbi. Wani lokaci ya ce mini shi tunda yake bai taɓa kwana da laifin hukuma a kansa ba, sai yanzu da furfura, a ƙasar mutane. Na ce masa ai nan ma ƙasarsu ce, wan mahaifinsa a nan aka binne shi. Ya ce haka ne, amma ba haka aka rubuta a fasfo ba.

Al'adar Baba ita ce ya adana riɗinsa sai kasuwa ta yi sama. A wannan shekarar buhunan farko ko gida ba su shigo ba, daga gona aka wuce da su kasuwar amfanin gona, a lokacin da kowa ke kawowa kuma farashi yake ƙasa. Bai gaya wa kowa ba. Ya dawo da yamma da ƙura har gira, ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa ya ciro fasfon da rahoton likita ya ajiye a gefen Baffa. Baffa ya dubi fasfon, ya dubi ɗakin ajiya da ke buɗe babu ko buhu.

Ya ce, "Yaya, a kaka ka sayar."

Baba ya ce, "Na sayar."

"Ka san asarar da ka yi?"

"Na sani. Saura na gona, dawa ma na tafe. Gobe ku tafi jawazat da wuri."

Muka tafi. Jami'in nan ne dai. Ya karanta rahoton, ya shiga da shi wurin shugabansa, muka jira a kan benci tare da wasu Habashawa masu neman takardar aiki. Da ya fito ya ce saboda rashin lafiya an sassauta tarar, amma ƙarin biza ba zai yiwu ba, tunda an zo bayan wa'adi. Abin da za a ba shi shi ne izinin fita na 'yan kwanaki. Na fassara wa Baffa. Ya ce in tambaya ko za a duba cewa ba da gangan ba ne, fasfon ne ba ya hannunsa. Jami'in ya ce ya sani, ya kuma yarda, amma bashin asibiti tsakaninmu da asibiti ne, shi kwanan wata yake dubawa. Ya buga hatimi, ya yi rubutu da jan biro a ƙasa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Tarar Baffa ya biya da sauran guzurinsa, ya kuma ce kada in gaya wa Baba sai bayan ya tafi.

Akwai yayar Baba a Mafaza, tsohuwa sosai, wadda Baffa ya yi niyyar zuwa gaisarwa bayan ya warke. Likita ya hana shi doguwar tafiya a hanya marar kwalta, lokaci kuma ya ƙure. Sai aka je aka ɗauko ta. Gwaggo ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a gabansa ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ya tashi ya yi tafiya ta gani. Ya tashi a hankali saboda ɗinki, ya je bakin ƙofa ya dawo. Ta ce tafiyar mahaifinta ce, har karkata kafaɗar. Suka yini tana tambayarsa mutanen da ta ji sunayensu a bakin mahaifinta, yana gaya mata wanda ya rasu da wanda ya bar zuriya. Washegari muka raka shi tashar motar Hartum.

Bayan wasu watanni ɗan kasuwar nan ya kawo wa Baba kuɗi daga Baffa, daidai abin da aka biya asibiti. Baba ya ƙi karɓa, ɗan kasuwar ya ce shi ba zai koma da su ba, an riga an ba shi kaya a madadinsu. Kuɗin suka zauna a wurin Inna. Kafin Baba ya sauko ya yarda a taɓa su, darajar kuɗin ƙasar nan ta faɗi sosai, abin da ya rage bai wuce na gyaran rufin ɗaki ba, shi aka yi da su.

Da shekara ta zagayo, Baffa ya sake neman biza. Aka buɗe fasfonsa aka ga jan rubutun, aka yi masa tambayoyi, ya nuna rahoton likita, aka ce ya je za a neme shi. Ba mu san ko rubutun ne ya jawo jinkirin ba ko wani abu daban. Yana cikin jira Gwaggo ta rasu, daga baya kuma yaƙi ya ɓarke, garinmu ya cika da mutanen da suka gudo, maganar ziyara ta tsaya.

Har yanzu suna waya da Baba idan layi ya yi kyau, galibi ranar Juma'a bayan an sauko. Baba ya daina zuwa gona saboda gwiwa, mijina ne ke duba masa. Baffa ya ce tsohon fasfon ya ƙare, ya yi sabo, yana jiran hanya ta buɗe. A kiran da ya yi na ƙarshe ya tambayi ruwan bana, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, sannan layin ya yanke.