Tudun Sussuka

Ragar waya na fara gani. Na dawo daga lakkol, wato makarantar boko, na ɗauki ƙwaryar Kaka zan kai mata tudun da ke bayan unguwarmu, inda mata ke sussuka tun kafin a haifi mahaifiyata, sai na tarar an kewaye wurin. A tsakiya an kafa wani dogon ƙarfe siriri, igiyoyi sun riƙe shi ta kowane gefe, can a ƙololuwarsa ƴan kofuna uku suna ta juyawa ba ƙara. An rufe da turame biyu a ciki. Na gane na Kaka da tsagewar bakinsa da aka ɗaure da fata.

Mata na tsaye a waje, kowa da damin hatsinta, kuma duk Kaka suke kallo.

Kafin girbi wasu baƙi sun zo daga jami'a, mace ɗaya da maza biyu, suka ce binciken iska suke yi. Kuran ɗin, wato lantarkin da ke zuwa mana ta waya daga Najeriya, yana yawan ɗaukewa, suna son sanin ko iskar Madarumfa za ta iya juya injin da zai ƙara wa wayar wuta. Matar, wadda kowa ke kira Madam, ta ce waya ba ta son wutar da ke zuwa tana komawa, don haka sai sun shekara suna awo. Kaka ta dama musu fura. Da suka tambayi inda iska ta fi zama, ta yafa mayafi ta kai su tudun da ƙafarta, har ta ɗaga ƙwarya sama ta sheƙa musu hatsi, suka ga yadda ƙaiƙayi ke tashi gefe, tsaba na zuba tas. Ranar da fara'a ta dawo gida.

Da sussukar nan muke ci. Kowane dami Kaka ta sussuke wa mutane, ana auna mata nata, shi ke kai mu damina. Cikin gari kuwa katangu sun tare iska, in ka sheƙa, ƙaiƙayin ya biyo hatsin ƙasa. Masu hatsi ba za su jira ba, wurin mai inji za su kai.

"To, sarkin karɓar baƙi," in ji maƙwabciyarmu, hannu a ƙugu. "Saura ki nuna musu rumbu."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

"Baƙo ya tambaye ni, na nuna masa," Kaka ta ce. "Ƙarya kika so in yi da furfurata?"

"Sai ki je ki ce su tayar."

"Magana zarar bunu ce. Abin da na ba baƙo ba na binsa."

Na ga tana ta murza bakin zanenta har ya nannaɗe a yatsa.

Muna nan mota ta tsaya. Madam ta fito, ta gaida kowa, aka amsa mata ciki-ciki. Ta buɗe ƙofar ragar, ta durƙusa gaban wani akwati a gindin ƙarfen. Matan suka kawar da kai. Kaka ma gefe ta juya.

Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Amma na lura ƙarfen da igiyoyinsa tsakiya kawai suka ci, gefen da ake sheƙa fili ne fetal. Na kuma ga makullai biyu iri ɗaya a zoben da ta rataya a jikin ƙofar.

Na shiga. Ƙwaryar tana bugun gwiwata. Na durƙusa har sai da ta ɗago.

"Ƴanmata, lafiya?"

Na ji idon Kaka a bayana.

"Madam," na ce, "don Allah ki bar wa Kaka makulli ɗaya. Ba wadda za ta taɓa igiyoyinku, ni zan riƙa tsarewa in na taso daga lakkol. Iskar ta ishe mu duka."