Buɗa-baki a Hanyar Dajin Jami'a

Duk lokacin da maƙwabciyata ta fara gasa hilu-mur, wannan ƙullun dawa mai kayan yaji da muke jiƙawa mu sha da azumi, ƙamshin sai ya ɗauke ni ya dire a ƙauyenmu, kusa da garin Rufa'a, inda kakanninmu suka yada zango daga Sakkwato, shekarar da kakana ya yi wata guda yana rantsuwa da auren kakata.

Tsakanin ƙauyen da kogi akwai dajin bagaruwa. Na jami'a ne, ɗaliban aikin gona ke zuwa duba itatuwa da tsuntsaye, amma mu muka san daɗinsa. Da damina kogi ya cika ya shiga dajin, in ya janye ya bar tafki a tsakiya. A nan awakinmu ke sha, mata su tsinci bagaruwa, mu kuwa mu yi ta iyo har idanunmu su yi ja.

Sai wani attajiri mai masana'antar sabulu ya ƙyalla ido a kan filin, yana so ya yanka shi ya yi gine-gine. Jami'a ta ƙi sayarwa. Shi kuwa ya lissafa cewa in dajin ya mutu ba wanda zai tsaya masa, don haka ya fara turo tanka tana juye dagwalon masana'anta a bakin tafkin. Awakin kakana suka sha suka kumbura. Malaman jami'a sun kai ƙara kotu a birnin Madani, ƙarar ta samu wuri ta yi kwanciyarta.

Da azumi ya kama, tankar ta koma zuwa dab da magariba, wai lokacin hankalin kowa na kan kwano. Nan suka tafka kuskure. Ka san a yankinmu na Jazira ba a barin matafiyi ya wuce da azumi a bakinsa, ko babbar mota ce sai an tare ta.

Kakana mafaɗaci ne, ko kaza ta taka masa tabarma sai ta ji a jikinta. Kowa ya zaci sanda zai ɗauka. Sai ya sa aka kwashe tabarmin buɗa-baki daga ƙofar masallaci aka shimfiɗa a tsakiyar hanyar dajin. Ya warware rawaninsa, shi da liman suka ja shi a gicciye. Tanka ta ci birki.

Direban ya leƙo ya ce yana kan aiki.

"Itfaddal, bismilla, ɗana," in ji kakana. "Wallahi in ba ka sabko ka sha ruwa ba, tsohuwag ga ta tahi gidansu yau!"

Kakata na bayan mata da tire a ka. "Ku ji min tsoho," ta ce. "Wane gida gare ni? Sakkwato za ni koma da ƙahwa?"

Direban ya sauko yana dariya, ya ci tuwon asida, ya sha hilu-mur. Da aka tashi salla, kakana ya miƙa masa buta ya ce ruwan tafkin ne, da shi muke alwala. Mutumin ya zuba a tafinsa, ya sunsuna. Ban taɓa ganin kunya ta kama babban mutum haka ba. Bayan salla ya juya tankarsa a cike.

Washegari aka turo wani, shi ma ya ci ya juya. Ɗalibai suka ji labari suka riƙa zuwa da tirensu, malamansu suka biyo, ƙauyukan Larabawa maƙwabtanmu ma suka kawo nasu. Tabarmi suka yi ta tsawo, kakata na ta mitar aurenta. Kafin a ga watan Salla ba direban da zai karɓi aikin a duk Rufa'a, hukuma ma ta farka ta hana. Jami'a ta kewaye dajinta, ta bar wa ƙauyenmu ƙofa.

Yau tsofaffin duk sun rasu. 'Ya'yanmu Larabci ya fi musu sauƙi a baki, gine-gine sun cinye gonakin da ke kewaye, dajin ne kaɗai ya rage kore a wajen. Bara na kai 'yata, mai tsoron duk ruwan da ba na famfo ba. Na durƙusa a bakin tafkin na kamfata da hannu biyu na sha. Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta durƙusa ita ma.